Gutsuren fulogi ya faɗa cikin silinda: in tayar da injin ko in buɗe shi?

Tambaya: Malam, ina sauya wa motata fulogi da kaina, ta fetur ce mai silinda huɗu. Da na zo kan na uku sai soket ya goce, farin tangaran ɗin fulogin ya fashe. Na ƙarasa kwance shi na zare, na tsince gutsattsarin da na gani a ramin, amma da na harhaɗa su sai na ga saura giɓi kamar kan ashana. Ban tayar da motar ba tukuna. Wani abokina ya ce in tayar in taka totur, salansa za ta fitar da shi. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka ci gaba da karatu, zare makullin ka jefa aljihu, ka cire kan batir na negatif, kada wani ya shigo ya murɗa ba da sani ba. Abin da ya fi yi mini daɗi a tambayarka shi ne da ka ce ba ka tayar ba tukuna. Muddin injin bai juya ba, gutsuren nan kwance yake kawai a kan fistin, bai ɓata komai ba. Duk asarar da ake yi a irin wannan matsala, bayan murɗa makulli take zuwa.

Shawarar abokinka ba daga iska ya ɗauko ta ba. Akan yi haka a dace, abin ya bi ta bawul ya fice, mai mota ya yi ta ba da labari. Waɗanda ba su dace ba kuwa ba sa ba da labari, a gareji muke ganinsu. Bari in nuna maka yadda cikin ɗakin nan yake, sai ka yi wa kanka hukunci. Idan fistin ya hau ƙololuwa, tazarar da ke tsakanin gefen kansa da kan inji, wanda muke kira tof, ba ta wuce kimanin milimita 1 ba a injuna da yawa. A silo kawai, wato inji na aiki ba a taka totur ba, yana juyi wajen 750 a minti, ke nan fistin yana kai wa tof ziyara sama da sau 12 a daƙiƙa guda. In ka taka totur ya kai 3,000, sau 50 ke nan. Ita kuwa ƙofar da ake fata gutsuren ya fita ta cikinta, wato bawul ɗin hayaƙi, sau ɗaya take buɗewa a juyi biyu, buɗewar ma ba ta wuce kimanin santimita guda, kuma kafin ƙiftawar ido ta rufe. Kafin gutsuren ya dace da ƙofa a buɗe, an riga an daka shi tsakanin fistin da tof sau da yawa. In kuma ya zo fita bawul ya rufo a kansa, to ko bawul ya lanƙwashe ko mazauninsa ya ɓantare. Ko da ya fita lafiya, tukunyar tace hayaƙi na gabansa, in motar mai turbo ce kuma fukafukan turbo zai fara tararwa.

Sannan ka san da wa kake yi. Wannan farin da ke jikin fulogi ba tangaran ne irin wanda ka saba gani ba. Alumina ce da aka gasa, irin sinadarin da ake yin dutsen wasa ƙarfe da takardar goge ƙarfe da shi. A ma'aunin tauri na Mohs, inda lu'ulu'un daimon ke da 10, ita tana da 9. Yashi yana da 7, kuma yashin ma ya fi ƙarfen jikin silinda tauri. Fistin kuwa alminiyam ne, mai laushi. Saboda haka in an daka tangaran ɗin, ko dai ya nutse cikin kan fistin ya zauna daram, ko ya farfashe ya zama tsaki, tsakin ya gangara gefe ya maƙale tsakanin fistin da bango a saman ringi na farko, wato zoben ƙarfen da ke zagaye da fistin, ya riƙa kartar bangon sama da ƙasa. Wannan kartar, in ta yi zurfi, ba ta gogewa. Daga nan sai mota ta fara shan baƙin mai, tana hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ƙarfinta na raguwa.

Da a ce ɓarɓashin gawayin da ke taruwa a kan fistin ne ya faɗa, ko ɗan zaren tsumma, ko 'yar takardar gasket, da ban tayar maka da hankali haka ba. Waɗannan suna da laushi, sukan ƙone ko su fice, iyaka ka zuƙe abin da ya samu. Amma tangaran, noti, wosha, kusa, kan sukundireba da ya karye, duk wani abu mai tauri, hukuncinsu ɗaya ne a wurina: ba a tayar da inji sai an ga abin a tafin hannu.

To, fara da inda ya fi sauƙi, domin mai yiwuwa gutsuren bai ma shiga ba. Leƙa cikin soket ɗin. Soket na fulogi yana da roba a ciki mai riƙe fulogin, kuma sau da yawa a nan gutsure ke maƙalewa. Duba ƙasan motar, duba lungunan saman inji, haska ramin fulogin da tocila ka dubi gefen da fulogi ke zama. Sai dai ka kula kada garin dubawa ka ture abin da ke bakin rami ya faɗa. In ka ga wani abu a bakin ramin, zuƙe shi za ka yi, ba hurawa ba.

Idan ba ka same shi a waje ba, sai a leƙa ciki, kuma ido kaɗai ba zai yi ba. Nemi 'yar kyamarar leƙe, mai doguwar waya da fitila a baki, wadda ake haɗawa da wayar hannu. Ramin fulogi a yawancin motoci mai zare na milimita 14 ne, wasu sababbin 12, don haka kyamara mai kauri milimita 5.5 zuwa 8 za ta shige. In da hali samu mai ɗan madubi ko ido na gefe, saboda mai kallon gaba kaɗai tsakiyar fistin za ta nuna maka, shi kuwa gutsure ba ya zama a tsakiya. Yawancin injuna a ɗan karkace suke zaune, abin da ya faɗa sai ya gangara ɓangaren da ya fi ƙasa ya raɓe a jikin bango, ko ya kwanta a ɗan kwarmin da aka yi wa bawul a kan fistin. Sa'arka ɗaya, fari ne, kan fistin kuwa baƙi ne, zai fito ɓaro-ɓaro.

Leƙa tukuna kafin ka juya komai. In ka tarar fistin yana can sama har kyamara ba ta da wurin juyawa, sai a saukar da shi da hannu. Share ramukan sauran fulogai uku sosai, ka cire su don injin ya yi sakayau, ka sa giya a firi, ka ɗora soket da dogon hannu a kan babban notin fulin da ke gaban kuranshaf. Juya shi ta inda injin ke juyawa in yana aiki. A yawancin motoci hannun agogo ne in kana fuskantar fulin, amma wasu tsofaffin injunan Honda akasin haka suke, don haka duba littafin motarka. A hankali za ka juya, kana kallon kyamara. Da ka ji ya cije, tsaya cak, kada ka danna. Abin da muke nema shi ne fistin ya tsaya wajen tsakiyar tafiyarsa, bawul ɗin shiga da na fita duka a rufe. Rufewarsu na da muhimmanci: in ɗaya na buɗe, garin tsokanar gutsuren za ka iya tura shi bayan bawul, inda ba ka gani ba ka kuma isa.

Yanzu sai fitarwa. Ajiye maganaɗisu gefe, ba ya kama tangaran, haka ba ya kama alminiyam ko tagulla. Da noti ne ko wosha na baƙin ƙarfe, da shi zan fara, mai lanƙwasuwa mai siririn kai. A taka matsalar, zuƙa ta fi. Samu siririn tiyo na roba mai garai-garai, wanda zai shiga ramin ya bar wuri a gefe don iska ta samu hanyar shiga, ka ɗaure shi da bakin injin zuƙe ƙura, ka naɗe mahaɗar da tef. Ga dabarar da mutane ke mantawa: a mahaɗar nan ka shimfiɗa ɗan ƙyalle marar kauri, iska ta wuce, gutsure ya tsaya. In ba haka ba sai ya wuce cikin buhun ƙura, ka rasa sanin ko ka ciro shi ko ba ka ciro ba, ka koma inda ka fito. Yanke bakin tiyon a karkace, ka riƙa murza shi da yatsu yana zagaya gefen fistin. Amma in ka ji warin fetur na tashi daga ramin, bar shi ya sha iska tukuna, domin injin zuƙe ƙura na yin tartsatsi a cikinsa, tururin fetur kuwa ba ya wasa da tartsatsi.

In zuƙa ta gaza, sai manne. Ɗan giris mai kauri a bakin wannan tiyon, ka dangwala a kan gutsuren ka ɗago a hankali. Giris kaɗan in ya rage a ciki zai ƙone, ba damuwa. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne kayan da ake zurawa. Kada ka zura abin da zai iya karyewa ko ya saɓule: tsinken ashana, auduga, dunƙulen tef a bakin waya. Wani yaro da na koya wa aiki ya taɓa naɗa tef a bakin waya zai manno wosha, ya zaro waya ba tef ba wosha, muka koma neman abu biyu maimakon ɗaya. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Ko maganaɗisun ma ka jijjiga kansa tukuna ka tabbata ba ya kwancewa.

Hura iska da kwamfireso ita ce ta ƙarshe a wurina, ko da yake da yawa da ita suke farawa. Tana aiki in an yi ta daidai: siririn bututu ya sauka har kan fistin, iska ta taso daga ƙasa ta fito da abin ta gefen bututun. Hurawa daga bakin rami kuwa kaɗa shi kawai take yi a ciki. Aibinta shi ne gutsuren na fita kamar harsashi, ba ka san inda ya faɗa ba, wani lokaci ma ba ka san ko ya fita ba. In za ka yi, sa tabarau, ka toshe sauran ramuka uku, ka yafa farin ƙyalle a saman ramin don ya tare shi. Akwai masu cika silinda da baƙin mai wai don abin ya taso. Tangaran ba ya tasowa a mai, nutsewa yake, kuma man da aka manta a ciki wata fitina ce ta daban.

Kowace hanya ka bi, hujjarka ɗaya ce. Shimfiɗa farar takarda, ka ɗora fulogin da ya fashe, ka mayar da kowane gutsure gurbinsa kamar mai ɗinke fasasshen kasko. In giɓin ya cike, ka gama. In ka ciro wani abu amma har yanzu da saura, to ba ɗaya ne ya faɗa ba, koma ka sake leƙawa. Wannan ɗan aikin na minti biyar shi ne bambancin sani da zato, kuma ban taɓa yarda in sallami mota a kan zato ba a irin wannan aiki.

Bayan ka tabbata, sake zuƙe kan fistin saboda garin da ido ba ya gani, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin. Juya injin da hannu aƙalla juyi biyu cikakku, saboda sai a juyi biyu kowace silinda ke kammala zagayenta. In ya tafi sumul, cire fiyus na famfon fetur, ka zare wayoyin kwayil, ka mayar da batir, ka ba shi kik na 'yan daƙiƙu ba tare da fulogai ba, don ya furzar da abin da ya rage. Sannan ka ɗaura sababbin fulogai.

Saura tambaya mai ɗaci: in ka yi duk wannan, giɓin bai cike ba, kyamara ma ba ta nuna komai ba fa? Ko kuma kana ganinsa ya cusa kai tsakanin fistin da bango ya ƙi motsi? A nan shawarata a cire tof. Na san ba ita kake son ji ba. Aiki ne na zubar da ruwan lagireto, kwance manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska da wanda ke kwashe hayaƙinsu, sa alamar tayimin kafin a cire bel ko sarƙa, sabon gasket, kuma a injuna da yawa har da sababbin kusoshin tof, domin irin waɗanda ke miƙewa ne in an ɗaure, ba a maimaita su. In ba ka taɓa yi ba, ja motar za a yi zuwa wurin makaniki, ba tuƙa ta ba. Amma ka auna shi da ɗaya ɓangaren: in aka tayar abin ya yi ɓarna, tof ɗin dai za a cire, sannan a ƙara da sauke inji, gyaran bangon silinda ko sa masa silif, wato sabon bangon ƙarfe da ake cusawa ciki, sabon fistin da ringi, wataƙila da bawul. Wuri ɗaya nake sassautawa. In kyamara mai idon gefe ta zagaye kan fistin kaf sau biyu, da shi a sama da shi a ƙasa, bawul duka a rufe suke tun farko, ba a ga komai ba, kuma injin na juyawa da hannu lafiya, to alama mai ƙarfi ce cewa gutsuren a waje ya faɗi lokacin da ya fashe. Nan zan iya yarda a tayar, kunne a buɗe.

Ga wanda ya karanta wannan bayan ya riga ya tayar, alamun ba sa ɓuya: ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe da ƙaramar guduma, tana bin saurin inji, mota na misin, wato wata silinda ba ta ƙona fetur daidai, tana girgiza, fitilar inji ta kama. Kwamfuta takan nuna lamba irin P0303, wato silinda ta uku na misin. In ka cire fulogin ka ga bakinsa a daddake, tazararsa ta rufe, ba sai an faɗa maka ba. Kashe injin nan take. Kyamara za ta nuna kan fistin da tabo-tabo kamar kaza ta tsattsage shi. Tabon tsakiya da sauƙi, akan goge kaifinsa don kada ya riƙa yin jajir yana kunna fetur kafin lokaci. Na gefe ne mugu, domin yana matse gurbin ringi na farko, ringin ya kasa motsi. Bango kuwa, in an buɗe, ja farcenka a kan kartar: in farce ya wuce sumul, akan iya gogewa, in ya maƙale, ta yi zurfi. Gwajin kwamfireshan, wato auna matsin kowace silinda, zai faɗi sauran. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da tsakanin 150 da 200 a ma'aunin psi, amma abin dubawa shi ne kada wata silinda ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100. In ta gaza, ɗiga mata mai kaɗan ka sake aunawa. Ta tashi, ringi ne ko bango. Ba ta tashi ba, bawul ne ya fi zama abin zargi.

Kuma kada ka tsaya a silinda ɗaya. An taɓa kawo mini wata mota da aka yi wa aikin manifol a wani wuri, tana ƙara. Muka buɗe, muka tarar da tabo a fistin na biyu, amma ba abin da ya yi tabon. Ɗan noti ne mai cin sifana 10, muka same shi a silinda ta uku ya zama kamar tsohon kwabo. Ya fita ta bawul ɗin shiga na ta biyu, ya koma cikin manifol, maƙwabciya ta zuƙe shi. Tun daga ranar duk injin da ya haɗiyi abu sai na leƙa silindojinsa duka, na kuma kwance manifol na zazzage shi.

In injin dizal ne, lamarin ya fi tsanani. Matsinsa ya fi na fetur nesa ba kusa ba, fili a saman fistin kusan babu, don haka in kan hita, wato fulogin da ke ɗumama silindar dizal, ya karye ya faɗa ciki, ba a ma tattauna tayarwa. Ruwa ma baƙo ne a silinda, kuma ba ya matsuwa. A injin fetur na lita 2 mai silinda huɗu da matsi 10 bisa 1, filin da ke saura in fistin ya hau bai wuce mililita 56 ba, ruwan da ya fi haka ya isa ya lanƙwasa kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da kuranshaf. Motar da ta mutu a cikin ruwa, a cire fulogai duka a juya da hannu kafin a taɓa kik.

Da za ka ɗaura sababbin, bari injin ya huce sarai. Fara murɗa kowane fulogi da hannu zalla har ya zauna, don kada zaren ya hau karkace, sannan ka ɗaure da sifana mai ma'auni. Fulogi mai zaren milimita 14 da wosha, a tof na alminiyam, yakan so tsakanin 25 da 30 a ma'aunin Nm, amma abin da littafin motarka ya ce shi ne gaba. Hannu ɗaya a kan gwiwar soket yana riƙe shi a miƙe, ɗaya na ja, domin karkacewar soket ce ta fasa maka wancan. Wani karon kuma, kafin ka cire fulogi, hure raminsa, ka sassauta shi juyi ɗaya, ka sake hurewa, sannan ka zare. In da a ce bayan fashewar ka zuƙe gutsattsarin tun ƙarfen fulogin na toshe da ramin, da ba abin da zai samu hanyar shiga.

Tashin farko, bar shi a silo, kada ka taɓa totur. Buɗe bonet ka tsaya kusa da silinda ta uku ka saurara na minti biyu ko uku, wani na zaune a ciki hannunsa a kan makulli. In ba ka ji baƙuwar ƙara ba, yi 'yar tafiya kaɗan, ka dawo ka bar shi ya huce, ka cire fulogi na uku ka dubi bakinsa. In tazarar tana nan yadda ka sa ta, ba ƙwarzane ba lotsawa, mayar da shi ka ɗaure.